Ku Bar Yaron Nan Ya Tsare Ragarsa

Ranar Lahadi ɗan ƙanwata ya dawo daga fili gwiwa na jini, ya zauna bakin zaure ya yi tagumi. An ci su huɗu da nema a wasan unguwanni, kuma shi ne a raga. Tun daga fili yara ke binsa suna "Rariya! Rariya!" Da na matsa masa sai ya ce, "Kawu, ni na bar gola."

Ina bakin fili ranar, kuma na yi shekara bakwai ina tsaron gida a nan Illela kafin kafaɗa ta hana ni, don haka na san abin da na gani. Ƙwallo ɗaya ce laifinsa: ya fito bai yi kira ba, suka yi karo da ɗan bayansa. Sauran ukun kuwa, 'yan bayan suna can tsakiyar fili, kowa na son a ce shi ya ci, suka bar yaro shi kaɗai da mutum biyu. Ko aljani ne a ragar sai an ci shi.

Wannan ɗabi'a tamu ce tun daga sama. Wa ya manta golanmu Kassaly Daouda? A gasar kofin Afirka ta 2013, a Port Elizabeth, ƙungiyar Nijar, Mena, ta riƙe Mali har minti na 84, sannan ƙwallo ta suɓuce masa daga sama, Seydou Keita ya zura. Daren nan a gidan kallo babu zagin da bai sha ba. Bayan kwana huɗu shi Kassaly ɗin ne ya hana Mbokani na Kwango ci, aka tashi canjaras da Kwango, makin Nijar na farko a tarihin gasar. Masu zagin nan su ne masu tafi, ko kunya babu. Maƙwabtanmu ma sun ga irinta a gasar kofin duniya ta 2010: golansu Vincent Enyeama ya tare wa Messi hanya har aka ba shi gwarzon wasa, amma Najeriya ta sha kashi ɗaya da nema, domin an bugo kwana an bar Heinze ba mai riƙe shi.

Kuma ku dubi yadda muke zaɓen gola a unguwa. Wanda bai iya gudu ba, ko ƙaramin cikinsu, shi ake turawa raga. Babu safar hannu, ƙasa tauri kamar daɓe, ga tsakuwa. Yaron da ya faɗi sau goma a irin wannan wuri, a karo na sha ɗaya jikinsa zai ƙi, ko da zuciyarsa na so. Masu horar da yaranmu kuma, Allah ya saka musu domin kyauta suke yi, atisayensu kaf bugun raga ne. Ban taɓa ganin an ware rabin awa ana koya wa 'yan baya wanda zai tari mai ƙwallo da wanda zai rufe bayansa ba.

Ran Asabar da la'asar zan kai ɗan ƙanwata fili, amma na ce ba zan je ba sai ya zo mini da 'yan bayansa huɗu. Biyu sun amsa. Ɗaya ya aiko cewa shi asalinsa ɗan gaba ne.