Yamai ta fi Abuja kusa da Sakkwato

Wanda ya taso daga Kajiji ya nufi birnin Shehu zai wuce Shagari, ya wuce Boɗinga, kuma kafin ya shiga gari zai ga kwanar Filin Jirgin Sama na Sarkin Musulmi Abubakar III. Mutanen wannan yanki sun fi sanin filin a lokacin aikin Hajji, sa'ad da motoci ke cika harabarsa, mata na rangaɗa guɗa, yara na riƙe da jakunkunan maniyyata. Da an gama jigilar alhazai sai ya koma sauke fasinjojin Abuja da Legas.

A sararin sama, tsakanin wannan fili da na Tawa kilomita 220 ne ko kusa da haka. Maraɗi ma kusan haka take. Yamai ba ta kai kilomita 350 ba, alhali Abuja ta haura 450. Ƙaramin jirgi mai farfela zai kai kowane ɗayan garuruwan nan uku na Nijar cikin sa'a guda, wasu ma ƙasa da haka. Amma babu jirgin fasinja da ke wannan zirga-zirga. Basakkwacen da ya dage sai ya je Yamai ta sama, dole ya fara gangarawa kudu, sau da yawa ya yada zango a Lome ko Abijan, sannan ya dawo arewa. Kuɗin tikitin kaɗai ya isa ya hana mutum.

Saura hanyar mota: Illela, Birnin Ƙonni, Dogon Dutse, Doso. Yini guda cur, da shingaye, da sauke kaya a sake ɗorawa, ga fargabar 'yan bindiga da ta sa direbobi ba sa son dare ya yi musu a hanya.

Mun san mai sayar da gero a kasuwar Kajiji ba zai hau jirgi zuwa Tawa ba. Amma akwai majinyata daga Nijar da ke zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai ɗalibai, akwai dillalan albasa da na dabbobi da ke da abokan ciniki a ɓangarorin biyu. Ƙasar nan ɗaya ce tun kafin Turawa su ja layi. Shehu Usmanu kansa a Maratta aka haife shi, cikin Nijar ta yau.

Siyasa ta ƙara dagula lamarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk da haka Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 da hedikwata a Yamai, tana nan, kuma irin wannan aiki aka kafa ta domin shi.

Muna kira ga gwamnatin Jihar Sakkwato da Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta Tarayya su kai maganar gaban wannan hukuma. A fara da ƙaramin jirgi sau biyu a mako tsakanin Sakkwato da Yamai, a sassauta harajin sauka da tashi na shekarar farko, a ajiye jami'an shige da fice a filin duk shekara. In fasinja sun samu, a ƙara da Maraɗi da Tawa.