Katalin Karikó: Shin yawan ambaton bincike ne ke nuna darajar masani?

Duk shekara, da zarar an fitar da jerin masana kimiyyar da aka fi ambaton ayyukansu a duniya, jami'o'i daga Legas zuwa Alƙahira da Jidda kan shiga fitar da sanarwar taya murna ga malamansu da sunansu ya fito. Jerin da ya fi tashe shi ne wanda Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ke haɗawa da bayanan kamfanin Elsevier, wanda ke tace kashi 2 cikin 100 na masu bincike.

Sai dai tarihin Katalin Karikó, masaniyar da ta samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2023 tare da Drew Weissman, yana sa a sake duba wannan ma'auni. Matar da aikinta ya zama tushen riga-kafin korona na Pfizer-BioNTech da na Moderna ta shafe shekaru tana cikin waɗanda alƙaluma suka nuna ba su da wani tasiri.

Mene ne ambato, kuma me ya sa ake ƙirga shi?

Idan masani ya rubuta maƙala, yakan jera a ƙarshenta ayyukan da ya dogara da su. Kowane suna a wannan jeri ambato ɗaya ne ga wanda ya yi aikin farko. Ba'amurke Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara waɗannan ambato a 1955, kuma a 1964 cibiyarsa ta fara fitar da kundin Science Citation Index. Manufarsa ta farko ita ce sauƙaƙa wa mai bincike gano waɗanda suka ɗora a kan wani aiki.

Daga baya kundin ya rikiɗe ya zama sikeli. Aka fara auna mujallu da matsakaicin ambaton da maƙalunsu suka samu cikin shekara biyu da fitowarsu. A 2005 kuma masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h-index: wanda ke da maki 20 yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Kwamitocin ƙarin girma da masu raba tallafi suka rungume shi, domin lamba ɗaya ta fi sauƙin karantawa a kan tulin maƙalu.

A wannan shekara ta 2005 ne Karikó da Weissman suka wallafa maƙalar da daga baya ta kai su ga Nobel, amma a lokacin kusan ba wanda ya waiwaye ta.

Daga Szeged zuwa Filadelfiya

An haifi Karikó a 1955 a ƙasar Hungariya, mahaifinta mahauci ne. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Szeged, ta ci gaba da bincike a birnin har 1985, lokacin da kuɗin ɗakin gwajinsu ya yanke. A shekarar ta tafi Amurka da mijinta da ƙaramar 'yarsu. Da yake gwamnatin gurguzu ta hana fita da kuɗi masu yawa, sai suka sayar da motarsu suka ɗinke kuɗin, kimanin fam 900, a cikin 'yar tsanar yarinyar.

Bayan ta yi aiki a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya, ta koma Jami'ar Pennsylvania a 1989. Abin da ta sa a gaba shi ne mRNA, wato saƙon da ke ɗauko umarni daga DNA ya kai wa sashen ƙwayar halitta da ke haɗa furotin. Tunaninta shi ne, idan aka haɗa wannan saƙo a ɗakin gwaji aka shigar da shi jiki, jikin da kansa zai ƙera furotin ɗin da ake buƙata, ko na magani ko na riga-kafi.

Masu ba da tallafi ba su gamsu ba. Sinadarin mRNA yana saurin lalacewa, kuma akasarin masana a lokacin sun fi karkata ga gyaran DNA. Takardun neman tallafinta suka yi ta dawowa babu amincewa. A tsarin jami'o'in Amurka, malamin bincike da bai kawo kuɗi ba ba ya hawa, don haka a 1995 jami'ar ta rage mata muƙami. Ta zaɓi ta zauna a kan ƙaramin matsayi maimakon ta sauya fanni.

Maƙalar da manyan mujallu suka ƙi

A ƙarshen shekarun 1990 ta haɗu da Weissman, masanin garkuwar jiki da ya zo jami'ar a 1997 yana neman hanyar yin riga-kafin cutar HIV. Babban cikas ɗin da suka tarar shi ne, garkuwar jiki na ɗaukar mRNA na ɗakin gwaji a matsayin baƙo, ta tayar da kumburi. Sai suka lura cewa wani nau'in RNA na jikin dabbobi masu shayarwa, wanda tubalan gininsa ke ɗauke da sauye-sauye, ba ya jawo wannan martani. Suka gwada maye gurbin tubali guda, uridine, da danginsa irin su pseudouridine, kumburin ya ragu matuƙa.

Mujallun Nature da Science sun ƙi karɓar sakamakon. Mujallar Immunity ce ta wallafa shi a 2005. A 2008 suka ƙara nuna cewa mRNA da aka yi wa wannan gyara yana samar da furotin fiye da wanda ba a gyara ba.

Amsar da suka yi tsammani daga masana da kamfanonin magunguna ba ta zo ba. Amma cikin ƙalilan ɗin da suka karanta akwai waɗanda suka fahimci abin da ke ciki. Derrick Rossi na Jami'ar Harvard ya yi amfani da dabarar a wani aiki da ya wallafa a 2010, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Moderna a shekarar. A Jamus, kamfanin BioNTech na Uğur Şahin da Özlem Türeci ya ɗauki Karikó aiki a 2013. Lokacin da annobar korona ta ɓarke, kamfanonin biyu suna da fasahar a hannu, kuma a Disamban 2020 aka amince da riga-kafinsu. Sai bayan haka ambaton maƙalar 2005 ya yi tashin gwauron zabi.

Abin da lambobin ke aunawa

Ba a ce ambato ba shi da amfani ba. Aikin da aka ambata sau dubbai lallai ya amfani mutane da yawa. Matsalar ita ce ambato na nuna inda hankalin masana ya karkata a wani lokaci, ba lallai inda gaskiya mai muhimmanci take ba. Wani nazari da mujallar Nature ta yi a 2014 ya gano cewa maƙalar da aka fi ambata a tarihi ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000. Maƙalar James Watson da Francis Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta shiga ɗari na farko ba.

Akwai kuma batun lokaci. Ma'aunin mujallu na duba shekara biyu ne kawai, alhali aikin Karikó ya ɗauki shekara 15 kafin duniya ta ga amfaninsa. Na Gregor Mendel kan gadon halitta, wanda ya fito a 1866, sai a 1900 aka farga da shi.

Sannan duk ma'aunin da aka ɗora albashi da muƙami a kansa, za a samu masu yi masa dabara: yawan ambaton kai, ko ƙungiyar masana su riƙa ambaton juna. A 2023 kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerinsa na masanan da aka fi ambata, saboda damuwa kan irin wannan maguɗi. Tun kafin nan, sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012, wadda ake kira DORA, ta buƙaci a daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, kuma dubban cibiyoyi da masana sun sa mata hannu.

Darasi ga masu bincike a Afirka

Wannan muhawara ta shafi jami'o'in Afirka kai tsaye, inda ƙarin girman malami ya rataya a kan yawan maƙalu, kuma da yawa ke fifita mujallun da ke cikin kundin Scopus ko Web of Science. Yawancin mujallun nahiyar ba sa cikin waɗannan kundaye. Wallafawa a manyan mujallu kuma na da tsada: a 2021 Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙalar da kowa zai iya karantawa kyauta.

Girman fanni ma na tasiri. Mai binciken cutar daji ko ciwon zuciya yana da dubban abokan aiki da za su ambace shi. Likitan da ke nazarin noma, cutar da ke cin fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, wadda ake da asibiti na musamman dominta a Sakkwato, yana rubutu ne ga 'yan tsiraru. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Idan ambato kaɗai za a duba, matashin masani mai neman ci gaba zai guje wa irin wannan cuta, ko da ita ce ke kashe yaran garinsu.

Fasahar da Karikó ta riƙe lokacin da ba mai so yanzu ta iso nahiyar. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar mRNA a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kuma a Disamban 2023 BioNTech ya ƙaddamar da wurin da zai haɗa riga-kafi a Kigali. Tambayar da ke gaban shugabannin jami'o'i da hukumomin tallafi ita ce ko tsarinsu zai iya riƙe masanin da zai yi shekara goma yana aiki mai inganci ba tare da alƙaluma sun nuna shi ba. Hakan na buƙatar kwamitocin da za su zauna su karanta maƙalar kanta, da tallafi mai dogon zango, abubuwa biyun da Karikó ta rasa a 1995.