Lafiyar Dabbobinmu: Doki Mai Fizgar Kai

Masu karatu, a wannan wata za mu yi magana a kan dokin da ke fizgar kai sama da ƙasa, kamar rina ta shiga hancinsa. Yakan yi ta atishawa, yana goga hanci a ƙafarsa ko a bango. Da yawa cikinmu mukan ce taurin kai ne, mu kai hannu ga bulala. To, rashin sani ya fi dare duhu. Sau da yawa ciwo ne yake damunsa.

Akwai wata babbar jijiya da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin duk abin da ya taɓa fuska. A shekarar 2013 likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya a Amurka sun nuna cewa a jikin irin waɗannan dawaki abu kaɗan ke tayar da jijiyar. Hasken rana, ko iska, ko sukuwa, sai dokin ya ji zafi. Abin ya fi kama dandaƙaƙƙen doki, yawanci bayan ya girma.

Me za mu yi? Da fari mu duba linzami, ko yana cin bakinsa. Mu duba haƙora da idanu, mu leƙa kunne ko da kaska. In duk lafiya, sai mu kira likitan dabbobi.

Magani mafi sauƙi shi ne ɗan raga mai laushi, irin na gidan sauro, a rataya bisa hancinsa, ban da baki. Wasu dawaki sukan sami sauƙi da wannan. In rana ce ke tayar da ciwon, mu ɗaure shi a inuwa, mu yi kilisa da asuba ko da almuru. Akwai ƙwayoyi kuma, amma likita ne kaɗai zai ba da su. A Jami'ar Biristol ta Ingila ana sa wata siririyar allura kusa da jijiyar, a ba ta lantarki kaɗan. Wajen rabin dawakin da aka yi wa haka sun koma aiki, ko da yake ciwon yakan dawo.

Iyaye, kada mu bar yaro ya hau irin wannan doki, gama yana iya kā da shi. Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo. Mu ajiye bulala, mu sa ido.