Daidai ruwa, daidai kifi



Yau maganarmu a kan kifi take. Daga Dogo-Dogo zuwa Dungas har Magarya, kiwon kifi ya fara shiga ran jama'a, musamman samari masu zuwa ci-rani Nijeriya, waɗanda suka ga yadda ake yin sa a can. Wani ya gina kwamin siminti a bayan ɗaki. Wani ya haƙa ɗan kududdufi a gefen garkar rake, tun da a ƙasar Korama ruwa ba shi da nisa. Wannan abu ne mai kyau, muna kuma goyon bayansa. Amma tambayar da aka fi yi ita ce: wane kifi ne ya fi girma? A ganinmu nan ne asara take somawa. Kafin ka tambayi girman kifi, ka san girman ruwanka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mu fara da karfasa, tun da ita kowa ya sani. Masana suna sa ta cikin wani babban dangin kifaye da suke kira siklid. Dangin nan yana da iri fiye da 1,000, mafi yawansu a Afirka. Halinsu kusan ɗaya ne: son iko da wuri. Idan namijin karfasa ya balaga, sai ya share ƙasan ruwa, ya yi ɗan rami kamar kwano, ya tsaya yana gadi. Duk namijin da ya matso sai ya kore shi da cizo. Macen kuma ta zo ta zuba ƙwai a ramin, ta kwashe su cikin bakinta, ta riƙe su mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin abinci, har ƴaƴan su iya yawo. A babban tabki wannan hali ba ya ɓata kome, wanda aka kora yana da wurin gudu. A ƙaramin ruwa fa, ina za shi? Sai ya laɓe a kusurwa, ya daina ci, jikinsa ya yi rauni, ciwo ya kama shi. Ka san abin da yake faruwa idan aka haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya.

Kada ka ce mu kaɗai wannan abu yake samu. A Turai da Amurka mutane suna ajiye dangin karfasa cikin akwatin gilas a tsakar ɗaki, don kallo kawai. Akwai wani da suke so ƙwarai, sunansa oska, asalinsa daga kogin Amazon a Amurka ta Kudu. Ana sayar da shi yana kamar ɗan yatsa. Kafin shekara ta zagayo ya kai tsawon tafin hannu, daga baya ya kai santimetir 30 ko fiye. Masu sanin kiwonsa suna cewa guda ɗaya tak yana bukatar ruwan da ya fi tano, wato duro mai cin litir 200. Wanda ya ga kyan launi ya sayi huɗu ko biyar ya zuba a matsakaicin akwati tare da ƙananan kifaye, ƙarshensa sai ya wayi gari da kifi ɗaya mai ƙiba, sauran sun shiga cikinsa ko sun mutu da rauni. Mai kuɗi ke nan da ya yi asarar abin ado. Kai kuwa da ka sayar da rago ko buhun riɗi ka sayi siminti da ƴaƴan kifi, asararka ta abincin gida ce.

Sai maganar giwan ruwa. Shi ba dangin karfasa ba ne, amma shi ne ya fi jan ido, don yana iya wuce kilo 100, namansa kuma yana da tsada. To ka ji abin da ya faru a tabkin Biktoriya, wanda yake tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Tabki ne da faɗinsa ya kai murabba'in kilometir 68,000, babu kamarsa a Afirka. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a ciki. An daɗe ba a ga kome ba. A shekarun 1980 sai ya yaɗu ko'ina, ya auka wa ƙananan dangin karfasa da suke cikin tabkin tun fil azal. Masana sun ƙiyasta iri kamar 200 sun ɓace. Gaskiya ne gurɓatar ruwa da yawan su sun taimaka wajen ɓarnar. Gaskiya ne kuma an sami kuɗi, har aka kafa masana'antu masu aika naman giwan ruwa Turai. Amma abin da ya ɓace ya ɓace, kuma babu wanda ya iya fitar da giwan ruwa daga tabkin har yau. Idan tabkin da ya haɗa ƙasashe uku ya ji jiki haka, ina ga kududdufinka mai taki goma? Giwan ruwa ba ya cin dusa. Kifi yake ci, kuma naka zai ci.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce: ai in ba a sa kifi mai cin ƴan uwansa ba, karfasa za ta cika ruwa da ƴaƴa. Wannan magana gaskiya ce. A ƙaramin ruwa karfasa tana soma haihuwa tun tana da wata biyar ko shida, ko ƙasa da haka, tun ba ta kai tsawon yatsa biyu ba. Kowace mace tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma lokacin zafi ba ta daɗewa take sake zubawa. Sai ruwa ya cika da dubban ƙanana, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Ranar kamu ka cika kwando da kifin da babu mai saye.

Amma maganin wannan ba giwan ruwa ba ne. Hanya ta fari, kuma ita muka fi so, ka zuba maza zalla. Namijin karfasa ya fi mace saurin girma, don ita ƙarfinta wajen ƙwai yake tafiya. Idan babu mata, faɗan ma yana raguwa. Ana gane su tun suna da nauyin giram 30 ko fiye. Ka juya cikin kifin sama, ka duba kusa da wutsiya: namiji ƙofa biyu gare shi, mace uku. Sai an saba, ido yana yin kuskure, don haka ka roƙi ma'aikacin gandun daji da ruwa ya nuna maka da hannunsa. Hanya ta biyu, ka sa tarwaɗa ƴan kaɗan su zama masu gadi. Sharaɗi shi ne karfasa ta riga su shiga, ta kuma fi su girma, yadda bakinsu zai iya ɗaukar jarirai amma ba zai iya ɗaukar iyaye ba. Mai gadi daban, ɓarawo daban.

Yanzu ga lissafi. A kududdufin ƙasa da ake sa wa taki, wanda babu injin hura iska, abin da aka saba ba da shawara shi ne karfasa 2 a kowane murabba'in metir. Kududdufi mai metir 10 tsawo, metir 10 faɗi, zai ɗauki kifi 200 ke nan. Idan maza ne, aka ba su dusa kullum, ruwan kuma ya yi kore, cikin wata shida kowane yana iya kai giram 200. Kilo 40 ke nan na kifin da mai tuya za ta yi ciniki a kai. Wanda ya zuba 1,000 a wannan wuri bai ninka riba ba, yunwa ya ninka. Alamar cunkoso ba ta ɓuya: ka leƙa da asuba, idan ka ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki, iskar cikin ruwa ta kasa musu. Ka rage su, ka ƙara sabon ruwa.

Idan kwamin siminti gare ka, tarwaɗa ta fi dacewa da shi, don Allah ya ba ta ikon shaƙar iska daga sama, tana jure matsi da karfasa ba za ta jure ba. Amma ita ma tana cin ƴan uwanta. Cikin zubi ɗaya wasu sukan yi wa sauran nisa wajen girma. Duk mako biyu ka tace su, manya gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya. In ba ka da kwami biyu, ka raba ɗayan da raga. Sabon kwami kuma sai an jiƙa shi kwanaki, an wanke, an zubar da ruwan, don ɗanyen siminti yana kashe kifi. Wajen sayen iri, ko a nan gida ko ta wajen Maigatari da Baɓura, ka zaɓi masu girma ɗaya. Kada ka yarda a haɗa maka da manya biyu a matsayin gyara. Gyaran nan shi zai cinye cinikin.

Abu na gaba, kada ka auna ruwa da damana. A watan da sama take zuba kowane kududdufi kogi ne. Ka auna shi a ƙarshen bazara, lokacin da ya janye, ya yi zafi, kanwa ta fito a bakinsa. Wannan shi ne ruwanka na gaskiya. Ruwan da ba ya ƙafewa, irin na Gidimuni ko na Madarumfa, hukuncinsa daban. Wanda yake ƙafewa bayan wata huɗu ko biyar ba a sa masa kifin da yake bukatar shekaru kafin ya girma. Ka tuna kuma da sanyin hunturu: idan ruwa ya yi sanyi karfasa tana rage ci, girma ya tsaya. Wanda ya ci gaba da zuba dusa kamar da, ruwa kawai yake ruɓarwa.

Daga ƙarshe, tabkin gari ba na mutum ɗaya ba ne. Masunta suna ci daga gare shi, makiyaya suna shayar da dabbobi, masu garka suna ban ruwa. Kada wani ya ɗauko baƙon kifi cikin bokiti ya juye a ciki da dare, ko don kifin ya fi ƙarfin kwaminsa, ko don yana zaton alheri yake yi. Zuba kifi a tabki shawara ce ta mai gari da sarkin ruwa da masunta, tare da ma'aikatan gandun daji da ruwa. Zubawa minti ɗaya ce. Fitarwa kuwa, mutanen Biktoriya sun fi shekara 60 ba su iya ba.

Ɗan uwa, ba mu hana ka son babban kifi ba. Kifin da ya sami wuri da abinci shi ne yake zama babba. Ka ɗauki igiya ka auna tsawo da faɗi da zurfi, ka ƙidaya dusar da za ka iya saye har wata shida, sannan ka je wurin mai sayar da iri. Ku tattauna wannan magana a dandali da yamma, wanda yake da wani ra'ayi ya aiko mana, za mu karanta.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kare mu daga asara. Amin.