Titus da shawa ba kifin tanki ba ne, kada a ci kuɗinka



Makon jiya ɗan ƙanwata ya same ni nan gida Mandera bayan la'asar, ina canza wa kifi ruwa. Ya sayar da albasarsa, kuɗi na aljihu, sai rawar jiki yake yi. Ya miƙo min waya ya ce, "Kawu, duba wanga. Ɗiyan titus na. An ce in tura rabin kuɗi a sako min su ga mota." Na karɓa na ƙura wa hoton ido. 'Ya'yan ƙarfasa ne cikin roba, ƙarfasar da yara ke kamawa a madatsar ruwa ta Shagari. Na ce masa, yaro, mayar da kuɗinka aljihu ka samu wuri ka zauna.

Ba shi kaɗai ba ne. Na sha samun wannan tambayar: a ina zan samu irin titus? Ana kiwon shawa a tamfol? Kuma ban ga laifin mai tambaya ba, lissafinsa daidai ne. Ya je tashar Boɗinga ya ga mai suya ta juye kwali guda kafin isha'i, shi kuwa mai tarwaɗa yana zaune yana korar ƙuda. Duk mai hankali zai ce bari in kiwata abin da ake rububi. Sai dai amsar ita ce ba zai yiwu ba, ko kana da kuɗin Ɗangote sai dai ka yi don nishaɗi. Bari in faɗi dalili, saboda wanda ya gane dalilin ba a ƙara damfararsa.

Wannan kifin kwali da muke ci, babu ko ɗaya da aka kiwata. Daga teku ake kamo shi, kuma teku mai sanyi. Titus na asali, mai zanen baƙi a gadon baya, yana zaune ne a arewacin tekun Atlantika, wajajen Norway, Ayalan, Sikotlan da Aislan. Shawa ma can take. Kote yawanci daga gaɓar Namibiya, Muritaniya ko Chile. Panla ma ɗan ruwan sanyi ne. Har busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da 'yan uwanmu Ibo ke kira okporoko, daga tsibiran Lofoten na Norway yake fitowa, inda ake rataye shi a kan katako tun daga Fabrairu zuwa Mayu iskar sanyi ta busar da shi, babu gishiri babu hayaƙi.

Wani zai ce ai Namibiya da Muritaniya Afirka ne, hamada ce ma, ina sanyi ya fito? Ƙasar ce ke da zafi, ruwan tekunsu da sanyi. Iska na tura ruwan sama zuwa cikin teku, sai na can ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da taki kamar yadda ambaliya ke kawo wa fadama. Takin nan shi ke haifar da ƙananan halittun da kifi ke ci, shi ya sa kifi ke taruwa can kamar fari. Haka abin yake a gaɓar Maroko, inda kifin gwangwanin nan mai suna Titus ke fitowa (shi ba ma titus ɗin kwali ba ne, sadin ne, suna kawai suka haɗa), haka yake a Peru da Chile.

To yanzu mu ɗauko titus mu kawo shi Mandera a lissafi.

Na farko gishiri. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri. Idan tankinka na cin lita 10,000, kilo 350 ke nan, buhu bakwai mai kilo 50. Kuma duk ranar da ka canza ruwa sai ka sake zuba wani. Ba ma gishirin miya kaɗai ba ne, ruwan teku na da wasu sinadaran da dole a haɗa. Sannan ina za ka zubar da ruwan? Mu da ke ban-ruwan alayyafo da ruwan tarwaɗa, wannan in ya shiga gonarka ya kashe ta.

Na biyu sanyi, kuma nan ne maganar ta mutu. Titus na son ruwan da bai kai digiri 15 ba. Mu nan Sakkwato a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ruwan tamfol ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Ka tuna yadda tarwaɗarka ke yi a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, ka watsa abinci ta ƙi tasowa saboda sanyi? To wannan ruwan da tarwaɗa ke rawar ɗari a ciki, shi titus zafi ya yi masa. Sai ka mayar da tankin firiji dare da rana. Da wace wuta? Mu da cajin waya ma sai an kai shago.

Na uku halittarsa. Titus ba ya da 'yar jakar iskar nan da ke cikin cikin yawancin kifaye, wadda ke riƙe su a tsakiyar ruwa. Saboda haka ba ya tsayawa, iyo yake yi tun daga ƙuruciya har mutuwa, cikin garke, yana cin ɗaruruwan kilomita. Yana buƙatar iska mai yawa a ruwa, kuma ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe iska. Ka kwatanta da tarwaɗa, wadda Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar waje kai tsaye, shi ya sa za ka tara ɗaruruwa a ɗan tanki su rayu, ka ɗauko ta cikin baho har kasuwa tana motsi.

Akwai kifin ruwan sanyi da ake kiwo, ban musa ba. Norway na fitar da salmon sama da tan miliyan ɗaya a shekara daga keji-kejin da suka kafa cikin teku. Amma ka lura, ba su je neman tarwaɗa ba. Sun kiwata abin da ruwansu ke so. Kuma daga ƙwai zuwa kasuwa salmon na cin shekara biyu zuwa uku. Kai kuwa da iri mai kyau da abinci isasshe, wata biyar zuwa shida tarwaɗarka ta doshi kilo. Zafin nan da muke kuka da shi, shi ne jarinmu, don tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30, kuma kyauta muke samunsa mafi yawan shekara.

Amma ban tsaya nan da yaron ba, don gaskiya abin da ya fi damuna ba damfarar ba ce. Abin da ya fi damuna shi ne mu masu kiwo muna raina kifin kwali a baki, alhali shi ne babban abokin takararmu, kuma yana kayar da mu a ƙofar gidanmu.

Ku yi tunani. An kama kifi kusa da Norway, an daskarar da shi, ya hau jirgin ruwa zuwa Legas, ya hau babbar mota ta biyo Ilori, Jebba, Kontagora, Yawuri, Jega, Tambuwal, ta ratsa Shagari da Boɗinga ta gabanmu ta sauke a ɗakin sanyi cikin Sakkwato. Daga nan ɗan acaɓa ya dawo mana da kwali ɗaya baya. Duk da wannan doguwar tafiya, shi uwargida ke aikawa a sayo. Me ya sa?

Saboda ana yanka shi gunduwa-gunduwa, mai ɗan canji ma ya samu rabonsa. Saboda kullum akwai shi, ba sai an jira wata shida ba. Saboda yana da maiƙo, ba ya da ƙananan ƙayoyi, yaro zai ci ba fargaba. Kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, saboda wasunmu na sayar da tarwaɗa mai warin ruwan da ya kwana huɗu ba a canza ba. Wanda ya ci irin wannan sau ɗaya, ya yi sallama da kifin kiwo. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren a kiwona na biyu, famfon burtsatse ya lalace na yi ta jan ƙafa, matar da ta sayi kifin ta soya ba ta sake waiwayata ba har yau.

Ina jin masu cewa gwamnati ta hana shigo da kifi kawai mu huta. Ni ban goyi baya ba, aƙalla ba yanzu ba. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha faɗa su ne ƙasar nan na buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. In an rufe ƙofa yau, talaka ne zai koma miya lami, mu kuma ba mu da kifin da za mu cike gurbin. Ai ma canjin kuɗi ya riga ya yi mana rabin aikin. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, kwalin titus ya bi ta. Kasuwa ta buɗe, mu ne ba mu shiga da kyau ba.

Kada kuma mu yi murna da yawa, don tekun sanyin nan yana cikin buhun abincinmu ma. Garin kifin da ake sa wa abincin tarwaɗa, da wani abincin kaji, mafi yawansa daga ƙananan kifayen teku ake niƙa shi, musamman na Peru, sai masana'antun Nuwadibu a Muritaniya. A 2023 ruwan tekun Peru ya yi ɗumi, gwamnatinsu ta soke kakar kamun farko ta shekarar, garin kifi ya yi tsada a duniya. Kai kana Mandera ba ka taɓa ganin teku ba, amma aljihunka ya ji.

To ina za mu buge shi? Inda yake da rauni. Kifin kwali bawan wuta ne. Ya narke, ya sake daskarewa, ya sake narkewa, ido ya faɗa, ciki ya yi laushi. Duk mun sha ganin haka a ƙauye da bazara. Bandar tarwaɗa kuwa, in ta ƙyafu sosai, tana makonni ba ta nemi firiji ba. Don haka shawarata ga mai farawa: kada ka nace sai kifi ya kai kilo. A wata uku zuwa huɗu, uku-uku a kilo, ya isa banda, kuma ka tsira daga watannin da ya fi cin abinci. Ka naɗe shi, ka ƙyafe, ka sayar ɗaya-ɗaya yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya. In ɗanye za ka sayar, ka daina ba shi abinci kwana ɗaya ko biyu, ka sa shi a ruwa mai tsabta, warin zai ragu sosai. Kuma kafin ka zuba ko ɗan kifi ɗaya, je ka zauna da mai suyar nan ta tasha ka tambaye ta girman da take so da abin da za ta iya biya. Ni da na yi haka tun farko da ban yi asarar da na yi ba.

Ɗan ƙanwar tawa dai bai tura kuɗin ba. Da ya ce wa mutumin zai zo da kansa ya gani da ido, sai lambar ta daina shiga. Yanzu mun kafa masa tamfol ɗaya a bayan ɗakin kajin uwarsa, za mu fara da tarwaɗa 300 da zarar sanyi ya ja baya. Jiya ma ya dawo yana tambayata, "Kawu, to giwan ruwa fa, irin ta Argungu?" Na ce masa wannan kam tamu ce, ta ruwan daɗi, amma 'yan uwanta kifaye take ci, ya bari sai ya fitar da ɗari ukunsa lafiya tukuna mu yi maganarta.