Manhajar AI da ba ta faɗin inda bayananka ke zuwa, rabu da ita

A Mai'adua, ko kai mai POS ne ko ɗan kasuwar Lahadi, manhajar AI za ta iya tsara maka lissafi, ta fassara saƙon Faransanci daga abokin cinikinka na Nijar. To amma ka taɓa karanta bayanin da masu ita suka rubuta?

Da yawa daga cikinsu aron ƙwaƙwalwa suke yi. Ta wata ƙofa mai suna API suke tura rubutunka zuwa OpenAI ko Google, amsa ta dawo. Ke nan sunan kwastoma da lambar asusunsa sun bar wayarka.

Ni a ganina, daga bayaninta ake gane manhajar kirki. Kafin ka sauke, duba:

1. Sun faɗi kamfanin da suke tura wa bayanai?
2. Har yaushe suke ajiyewa, kuma ta yaya za ka goge?
3. Yaushe suka sabunta bayanin? Akwai adireshin kai ƙorafi?

Sashen Data safety na Play Store zai taimaka, sai dai masu manhajar ne ke cike shi da kansu. Don haka ka gwada shi da shafin tsare sirrinsu.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin sanin wannan, hukumar NDPC kuma tana karɓar ƙorafi. In ka ga suna noƙe-noƙe, goge ta kawai. Bayanan kwastoma amana ce a hannunka.