Canjin Wurin Aiki Da Riƙon 'Ya'ya Bayan Saki

A bisa mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihohin Arewa ke hukunci da ita, uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya'ya bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta tare. Al'adar karɓe yaro da zarar an yaye shi ba ta da tushe a littafi.

To, amma nisa yana sauya hukunci. Muhtasar na Shaihu Halil ya nuna cewa idan uba ya ƙaura nisan kimanin mil 72, yana da ikon tafiya da ɗansa, sai fa in uwar ta bi su. Sharaɗi shi ne ƙaurar ta kasance ta zama, ba ta fatauci ba, kuma hanya da garin suna cikin aminci.

A nan ne batun ya shafi ma'aikatan gwamnati. Wanda aka yi wa canji daga Kano zuwa Kaduna ya zarce mil 72, amma gobe wata takarda na iya komo da shi. Da wuya a kira wannan ƙaurar zama. Ya kamata alƙali ya nemi hujjar da ta wuce takardar canji kafin ya raba yaro da uwarsa da makarantarsa.